Ashe Daktari ba a Afirka aka ɗauke shi ba?

Baban_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Akwai wani tsohon shirin talabijin na Amurka mai suna Daktari, labarin wani likitan dabbobi Bature da 'yarsa a dajin gabashin Afirka, da zakinsu mai harara-garke da wata biranya mai shegen wayo mai suna Judy. Mahaifina Allah ya jiƙansa shi ya fara ba ni labarinsa, ya kalla ne lokacin da yake karatu a Ingila, har in yaro ya ji ciwo a gida yana ɗaure masa sai ya ce ku kauce daktari ya zo. To kwanan nan na samu faifan muka zauna da yarana muna kallo kullum bayan isha'i, sai babban ɗana ya duba waya ya ce Baba ai wannan a Kalifoniya aka yi shi. Wallahi sai na ji jikina ya yi sanyi. Tsoho ya rasu yana ganin dajin Kenya ya kalla. Don Allah wanda ya san yadda aka yi shirin nan ya warware min, gaskiya ne? In gaskiya ne wannan ba yaudara ba ce?

DanZazzau77:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna makoma. Yaronka bai yi ƙarya ba, amma su ma ba su ɓoye ba. Ka bari rubutun ƙarshe ya gama wucewa, za ka ga sun rubuta an ɗauka a Afirka da kuma Africa USA. Wannan na biyun shi ne sunan wani gandun namun daji a Soledad Canyon, kamar mil 40 arewa da Los Angeles. Masu shi a lokacin Ralph Helfer da matarsa Toni ne, sana'arsu kenan horar da dabbobi suna ba 'yan fim haya.

Baban_Khairat:
Amin na gode. Wa ke tsayawa karanta rubutun ƙarshe Malam, ana fara kiɗan yara sun ce a sa na gaba.

Ummu_Sadiq:
Ni dai ban taɓa jin sunansa ba sai yau. Wace shekara ce haka?

DanZazzau77:
Hajiya ya daɗe. Tashar CBS ta fara nuna shi 11 ga Janairun 1966, aka rufe 15 ga Janairun 1969. Zango huɗu, kashi 89, kowanne awa ɗaya in an haɗa da tallace-tallace, kuma mai kala ne ba baƙi da fari ba.

Mai_Kamara_KD:
Bari in sa baki tunda wannan ɓangarenmu ne. Abun da ya kamata a fara sani shi ne Daktari ba da talabijin ya fara ba, fim ne na sinima aka yi a 1965 a kamfanin MGM, sunansa Clarence, the Cross-Eyed Lion, wato Clarence zaki mai harara-garke. Furodusan wani mutumin Hangari ne da ya koma Amurka, Ivan Tors. Shi wannan bawan Allah ba labari yake fara nema ba, dabba yake fara gani. Ya ga zakin nan a gandun Helfer idonsa a karkace, wanda a wajen wani furodusan aibi ne ba zai ko kalle shi sau biyu ba, shi kuwa ya ce wannan ne jarumina, aka zauna aka gina labari a kansa. Marshall Thompson da ya fito a likitan yana cikin waɗanda suka tsara labarin tare da Art Arthur. Darakta kuma Andrew Marton, kada ku raina shi, shi ne ya jagoranci ɗaukar tseren keken dawakin nan na fim ɗin Ben-Hur, kuma yana cikin daraktoci biyu na King Solomon's Mines na 1950 wanda shi kam an je Afirka da gaske.

To da fim ya karɓu sai aka kwashe komai aka kai talabijin, likitan shi ne dai, Cheryl Miller da ta fito a 'yarsa Paula ita ce dai, zaki shi ne, gandun shi ne. Ka ga ba sai an sake kashe kuɗin neman 'yan wasa da gina wuri ba. Kuma ba sau ɗaya ya yi wannan dabarar ba. Flipper fim ne a 1963 ya koma shiri a 1964. Gentle Giant ya zama Gentle Ben a 1967. Africa: Texas Style ya zama Cowboy in Africa duk a 1967. A Flipper da Clarence dai fim ɗin shi ne gwaji, in mutane sun sayi tikiti to ga hujjar da zai kai wa tasha.

Bakatsine_Asali:
Lallai mutumin nan ɗan kasuwa ne. Da tsuntsu ɗaya ya yi miya biyu.

Mai_Kamara_KD:
Kuma game da tambayar Baban Khairat, ga yadda ake haɗa abun. Ana tura ƙaramar tawaga Afirka ba tare da yawancin 'yan wasa ba, su ɗauko garken giwaye, raƙuman dawa na tafiya, jakunan dawa a bakin ruwa, faɗuwar rana. A dawo da su a ajiye. Sai a Kalifoniya a ɗauki jarumi ya ɗaga tabaron hangen nesa yana kallon wani waje, mai tace hoto ya yanka ya liƙa giwayen can, ya sake dawowa kan fuskar jarumi. Ƙwaƙwalwarka ce take ɗinke su ta ce maka waje ɗaya ne. In ka sa ido sosai za ka kama su, hasken rana ba iri ɗaya ba ne, launin ƙasa ba iri ɗaya ba, wani lokaci hoton Afirkan ya fi dushi-dushi. Tsaunukan da ke bayan 'yan wasa ma busassun tsaunukan kudancin Kalifoniya ne da 'yan ƙananan ciyayi, babu irin bishiyoyin nan masu faɗin kai kamar lema da aka san gabashin Afirka da su. Ni ban kira wannan yaudara ba, sana'ar kenan. Mu ma nan muna ɗaukar ƙofar gida a unguwa ɗaya falo a wata unguwar, mai kallo ya ga gida ɗaya.

Malam_Na_Tsangaya:
Ɗan'uwa mai kamara, ƙofar gida da falo daban, nahiya guda daban. In ka canja min falo ba ka canja min tunanina game da mutane ba. Amma miliyoyin yara a Amurka da Turai sun tashi da wannan hoton a matsayin Afirka, daji da dabbobi da Bature mai ceto. Abun da ya fi damuna kenan ba wai inda aka kafa kamara ba.

Hajiyar_Jamus:
Malam ya faɗi gaskiya. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Jamus shekara tara kenan, kuma wallahi ta bakinsu na fara jin kalmar Daktari. An nuna shi a tashar ZDF daga 1969 kuma ya shiga ransu ba kaɗan ba. Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka, ranar farko da ta ji daga Afirka nake sai fuskarta ta washe ta kama hannuna tana cewa Clarence, Judy, tana tambayata ko akwai zaki kusa da gidanmu. Ba da wulaƙanci take yi ba ko kaɗan, son abun take har zuciyarta. Na zauna na nuna mata hoton kasuwar Kwari a wayata da cunkoson adaidaita, ta daɗe tana kallo ta ce ba ta taɓa zaton haka ba. Na ce mata ni ban taɓa ganin zaki ba sai a gidan zu. Daga ranar kullum sai ta ce in nuna mata wani hoton. Ta rasu bara.

Ummu_Sadiq:
Allah sarki. Wannan ya taɓa ni.

Dalibi_a_Arusha:
Salam. Ina karatu a Tanzaniya, bari in ɗan ƙara wani abu ta ɓangaren harshe. Daktari kalmar Swahili ce, likita kenan, har yau haka ake cewa a asibiti. Kuma cibiyar da suka ƙirƙira a shirin sun sa mata suna Wameru, to Wameru ƙabila ce ta gaske, suna nan gindin dutsen Meru kusa da inda nake zaune. Wato sun ɗauki sunan mutane suka sa wa wajen da babu shi. Abokina Bameru ne na nuna masa kashi ɗaya, ya yi ta kallon tsaunukan ya ce wannan ba ƙasarmu ba ce ko a mafarki.

Bakatsine_Asali:
Daktari da likita kamar 'yan uwa ne a kunne.

Dalibi_a_Arusha:
Ai dukkansu daga kalmar dokta ta Turanci suka samo asali, kowa ya lanƙwasa ta yadda harshensa ya iya. Kuma ba ita kaɗai ba, akwai waɗanda muka yi tarayya ta hanyar Larabci. Su ce habari mu ce labari, su ce safari mu ce safara, su ce hatari mu ce hatsari. Akwai ma fim ɗin John Wayne na 1962 mai suna Hatari, shi a nan yankin Arusha aka ɗauke shi da gaske lokacin ana ce wa ƙasar Tanganyika. Kenan ana iya zuwa in an so.

Mai_Kamara_KD:
Ana iya zuwa don fim ɗaya ɗalibi. Fim ɗaya wata uku ko huɗu ka tattara ka koma gida. Amma Daktari zango na biyu kaɗai kashi 29 ne, kusan duk mako sai ka miƙa wa tasha awa guda. A 1966 fa ake magana, fim na naɗi ne sai an kai ɗakin wanki an wanke kafin ka ga abun da ka ɗauka. Ka yi tunanin kana dajin Tanzaniya kana aika naɗi Los Angeles a jirgi kana jira a ce maka ya yi ko bai yi ba. Sannan babban abun, zakin daji ba ya bin umarnin darakta. Dole sai horarre, horarrun kuma suna Kalifoniya. Inda zaki yake nan kamara za ta je.

Zango_Kumasi:
Amma Born Free fa? Shi ma fim ne na 1966 aka mayar da shi shirin talabijin a 1974 kuma a Kenya suka yi.

Mai_Kamara_KD:
Haka ne, kuma kashi 13 ya yi aka tsayar da shi. Ban ce zuwa Kenya ne kaɗai ya kashe shi ba amma ka kwatanta 13 da 89.

Likitan_Shanu:
Ni likitan dabbobi ne, kuma zan faɗi abun da wataƙila zai ɗan sanyaya wa Baban Khairat rai. Wajen ƙarya ne amma mutumin da aka kwaikwaya na gaske ne. Akwai Dakta Antonie Harthoorn da matarsa Sue, dukkansu likitocin dabbobi ne a Nairobi, aikinsu da marayun namun daji ne ya ba Ivan Tors tunanin. Harthoorn ba ƙaramin mutum ba ne a fanninmu, yana cikin waɗanda suka gano yadda za a kwantar da manyan namun daji da allurar barci ba tare da an kashe su ba, musamman maganin da ake kira M99. Ya yi aiki da wani mai kula da gandun daji, Ian Player, a Afirka ta Kudu farkon shekarun 1960 wajen kwashe farar karkanda daga gandun Umfolozi ana rarraba ta wasu gandayen lokacin ta kusa ƙarewa a duniya. Kafin wannan sai dai a bi dabba da mota da igiya, da yawa su mutu saboda wahala. To wannan bindigar allurar da kuke gani a hannun likitan cikin shirin sabon ilimi ne a lokacin, kuma a Afirka aka gwada shi aka inganta shi.

Sai dai yadda suke nunawa ba haka yake ba. A fim ana harbawa dabba ta ɗan yi tangaɗi ta faɗi. A gaske sai ta yi mintuna tana gudu, tana iya faɗawa rami ko ruwa kafin ka iso. In ta faɗi aiki ya fara, ka rufe mata ido da ƙyalle, ka toshe kunne, ka zuba mata ruwa kada zafi ya kashe ta, wani na ƙirga numfashi. Masu tuƙa irin su ɓauna da barewa in suka kwanta ta gefe ciki na kumbura, sai an tallafe su a kan ƙirji. Giwa kuma akasin haka, in ta daɗe a kan ƙirji numfashi zai gagare ta sai an kwantar da ita ta gefe. Shi kansa M99 ɗin ɗigo kaɗan in ya shiga jikin mutum yana iya kashe shi, shi ya sa ba a buɗe kwalbar sai maganin karya shi na kusa. Ni ban taɓa yi wa namun daji ba, amma na taɓa kwantar da wani bijimi da ƙaho ya karye masa, na yi lissafin nauyinsa da ido na ɗan zarce, wallahi minti arba'in na yi durƙushe hannuna a kan haƙarƙarinsa ina jin numfashi na ja da baya, mai shi Bafulatani na tsaye a kaina bai ce uffan ba. Da ya motsa kunne sai da na ji hawaye. Tun daga ranar in na ga ana harba allura a fim kamar wasa sai gabana ya faɗi.

Baban_Khairat:
Likita Allah ya saka da alheri. Wannan ban sani ba sam. Kenan akwai daktarin gaske.

Yar_Gombe:
Ni birin ne ya dame ni. Akwai irin wannan birin, wato chimpanzee, a Kenya kuwa? Na san dai an ce akwai wata Baturiya da ta zauna da su a Gombe.

Dalibi_a_Arusha:
Anti ba Gomben ku ba ce, Gombe ce ta Tanzaniya a bakin tafkin Tanganyika, nan Jane Goodall ta fara aikinta a 1960. Suna ne ya zo ɗaya. Irin wannan birin na kurmi ne, ana samunsa yammacin Tanzaniya da Yuganda, ba a filin ciyawa inda zaki da jakin dawa suke ba. Mu ma muna da shi a Gashaka Gumti ta Taraba.

Yar_Gombe:
Kai, shekara nawa ina ɗauka tamu ce. Na gode ƙanina.

DanZazzau77:
Ai in dabbobi za a bi akwai abun da ya fi biri. Har damisar Indiya mai ratsi-ratsi ta fito a shirin, wadda babu ita a dajin Afirka ko guda. Dabbar da ke gandun ita ake rubuta wa labari, sai a nemo dalilin da ya kawo ta. Giwa ma ku riƙa duba kunne, ta Afirka kunnenta faffaɗa ne kamar faifai, ta Asiya ƙarami. A tsofaffin finafinan Tarzan na shekarun 1930 har kunnen roba suke liƙa wa giwayen Indiya don su yi kama da namu, saboda na Asiya sun fi saurin horuwa.

Gardin_Birni:
Ni abun da nake so in ji shi ne yaya aka yi zaki ya kwanta yarinya na shafa shi? Kakana gardi ne, da kura ya yi yawo kasuwa kasuwa, kuma na san kura ba ta sakuwa sai da takunkumi da sarƙa da kulki, ga kuma abun da aka sha aka yi wanka da shi. Su waɗannan me suke ba zakin? Ko allurar likita ce?

DanZazzau77:
Helfer ya shahara ne da wata hanya da ya kira horo da ƙauna. Kafin shi masu wasa da zaki bulala ce da kujera da bindigar tsoratarwa. Shi ya ji ciwo a hannun dabbobi ba sau ɗaya ba yana saurayi, sai ya ce dabbar da aka hora da tsoro ranar da tsoron ya gushe za ta rama. Sai ya koma rainonsu tun suna jarirai, a ba su madara da hannu, a kwana kusa da su, su saba da warin mutum da muryarsa.

Gardin_Birni:
To ai kakana ma haka yake cewa, kurar da ka kama babba ba taka ba ce, sai wadda ka raina. Yakan tauna nama ya ba ta da bakinsa tana 'yar ƙarama. Amma duk da haka bai taɓa cire mata takunkumi a cikin mutane ba, kuma yatsunsa biyu na hagu babu. Ya ce sabo da kura ba ya hana ta zama kura.

Likitan_Shanu:
Kakanka ya fi su gaskiya a nan. Kuma ko a Daktari ba zaki ɗaya ba ne. Clarence mai sanyin hali ne sosai shi ya sa ake barin 'yan wasa su rungume shi, amma yana tsoron manyan motoci, to in za a yi fitowar mota sai a kawo wani zakin mai suna Leo a yi masa kwalliya ya yi kama da shi. In kuma ana son gurnani da buɗe haƙora akwai wani daban mai zafin rai wanda ba a barin kowa kusa da shi. Mai kallo na ganin zaki ɗaya mai hali uku, alhali zakuna uku ne kowa da halinsa.

Ummu_Sadiq:
Zaki na tsoron mota, ikon Allah. Ni tausayinsa ma nake ji. Da wannan idon ai da a daji yake ba zai iya farauta ba ko?

Mai_Kamara_KD:
Labarin fim ɗin kenan ma Hajiya, zakin da ya kasa farauta saboda yana ganin abu ɗaya biyu. Kuma sukan nuna maka yadda yake gani, sai hoton ya rabu biyu, mutum ɗaya ya zama biyu. Dabara ce mai arha ƙwarai amma ita yara suka fi riƙewa.

Baban_Khairat:
Wallahi haka ne, ƙaramar 'yata Khairat duk lokacin da hoton ya rabu sai ta yi ihu ta rufe ido ɗaya wai tana taya shi gani.

Malam_Na_Tsangaya:
Ina so in dawo da mu kan maganata don an wuce ta. Ku duba mutanen da ke cikin shirin. Akwai wani Di'o Bature mai suna Hedley da gajeren wando da hula yana zuwa yana ba da umarni. A 1966 fa. Tanganyika ta samu 'yanci 1961, Yuganda 1962, Kenya 1963. Wato lokacin da ake nuna shirin tutar Ingila ta riga ta sauka a duk yankin, amma a talabijin ɗin Amurka Di'o na nan daram. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin Di'o da rangadi da haraji mun san ba abun wasa ba ne. Sannan 'yan ƙasa fa? Ko mai ɗaukar kaya, ko sarkin ƙauye mai camfi da za a wayar masa da kai, ko mai taya ɓarayin daji. Sunan biri kowa ya sani, sunan zaki kowa ya sani. A kawo min sunan ɗan Afirka ɗaya.

Zango_Kumasi:
Mike Makula, Malam. Yana cikin manyan 'yan wasan tun daga farko har ƙarshe, kuma ba ɗan aike ba ne, ma'aikacin cibiyar ne mai ilimi, tare suke aiki da likitan. Hari Rhodes ne ya fito a matsayinsa. A Amurkar 1966 da ake tsakiyar rigimar 'yancin baƙar fata, baƙin mutum ya fito duk mako a shirin da iyali ke kallo ba a matsayin bawa ko kuku ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga baya ya fito a shirin Roots ma.

Malam_Na_Tsangaya:
Na karɓi gyara, na manta da shi. Amma shi ma Ba'amurke ne haifaffen Cincinnati, ba Bakenye ba. Ƙasar aro, mutanen aro. Ban ce kada a kalla ba, na ce a kalla ido buɗe, a kuma gaya wa yara.

Hajiyar_Jamus:
Duka biyun gaskiya ne a ganina. Tsohuwar da na ba ku labari shirin ne ya sa ta ɗauka Afirka daji ce, kuma shirin ne ya sa ta kama hannuna da murna maimakon ta ƙi ni. Akwai waɗanda suka ƙi in taɓa su, ita ba ta cikinsu.

Bakatsine_Asali:
To me ya kashe shirin tunda ya karɓu haka? Na ji an ce ambaliya ce ta cinye gandun.

DanZazzau77:
An yi ambaliyar da gaske, Janairun 1969 ruwa kamar da bakin ƙwarya a kudancin Kalifoniya, ya ɓalle ta cikin kwarin ya rusa gandun, dabbobi suka fita daga keji wasu suka mutu. Amma ba ita ta kashe shirin ba, kashin ƙarshe ya riga ya fita 15 ga wata kafin ruwan ya yi ɓarnarsa. Masu kallo ne suka ragu. A zangon 1966 zuwa 1967 yana cikin shirye-shirye goma da aka fi kallo a Amurka baki ɗaya, daga nan ya fara sauka. A zango na huɗu Yale Summers mai fitowa a Jack Dane, mataimakin likitan, ya tafi, aka kawo Ross Hagen a matsayin tsohon mafarauci, aka kawo wata ƙaramar yarinya marainiya, Erin Moran, wadda daga baya ta yi suna a shirin Happy Days. Aka kuma ɗauke shi daga Talata aka mayar Laraba. Kashi 15 kawai zangon ya yi. Clarence ɗin ma a 1969 ya mutu.

Mai_Kamara_KD:
Duk shirin da ka ga an jefo ƙaramin yaro sabo a tsakiyar tafiya to labari ya fara ƙarewa marubuta. Kuma ku yi musu adalci, sau nawa za ka rubuta ɓarayin daji sun zo, Judy ta buɗe keji, Clarence ya tsorata su? Fim ɗin awa ɗaya da rabi yana da farko yana da ƙarshe, har da soyayya tsakanin likitan da wata mai binciken gwaggon biri da Betsy Drake ta fito a ciki. Da aka zo talabijin aka cire ta gaba ɗaya, saboda in likita ya yi aure labari ya rufe, su kuma so suke kowane mako a dawo inda aka fara. Abun da ke sa shiri ya daɗe shi ne kuma yake gajiyar da shi.

Yar_Gombe:
Kiɗan fa? Mijina ya ce kamar kalangu yake ji a ciki.

DanZazzau77:
Ba kalangu ba ne amma kunnensa bai yi nisa ba. Shelly Manne ne ya yi, makaɗin jaz ne na Los Angeles, ya tara ganguna da kayan kaɗe-kaɗe iri-iri don ya samo amon da zai yi kama da na Afirka, har ya naɗi faifansa a 1967. Shi ma dai kamar tsaunukan ne, Afirka ce da aka haɗa a Kalifoniya.

Gardin_Birni:
Likita ina da tambaya a gefe, harara-garke a dabba ana gyarawa? Akwai ɗan akuyata da aka haifa haka.

Likitan_Shanu:
In yana ci yana sha yana bin uwarsa ka bar shi. Amma in kansa na karkacewa gefe ɗaya ko yana zagaye waje ɗaya to ba ido ba ne kaɗai, ka kai shi asibitin dabbobi da wuri kada ka tsaya jiƙe-jiƙe.

Baban_Khairat:
Na karanta duka, Allah ya biya kowa. Har yanzu abun bai gama sauka min ba gaskiya, don na so a ce dajin da tsoho ya yi ta ba mu labari na gaske ne. Jiya da daddare mun sa kashi na gaba, na ce wa yaran kowa ya sa ido ya gaya min wane hoto ne na Afirka wane ne na Kalifoniya kamar yadda mai kamara ya koya mana. Babban ya kama guda shida, har da inda likitan ke nuna giwaye da yatsa inuwarsa na gabas tasu na yamma. Na ba su labarin Harthoorn da karkanda, na kuma gaya musu maganar Malam ta Di'o. Khairat ita ba ruwanta da duk wannan, tambayarta ɗaya wai a cikin zakunan uku wanne ne yake kwance a kan kujera, na ce mata wannan Clarence ne na gaske.

Dalibi_a_Arusha:
Baban Khairat in Allah ya kawo hutu zan hau wajen dutsen Meru in ɗauko muku hoton ƙasar Wameru ta ainihi ku nuna musu. Kore ce shar, ayaba da kofi ko'ina, ba ta yi kama da ta shirin ba ko kaɗan.

Baban_Khairat:
Muna jira ɗalibi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka haɗa da mutanen wajen in sun yarda a ɗauke su.